Baƙin Ranar Kasuwar Lolo

Akwai wata baiwar Allah mai suna Batulu, 'yar garin Lolo ce ta ƙasar Bagudo, can bakin iyaka da Benin. Aikin jinya ya kai ta Kaduna, aure ya zaunar da ita, 'ya'ya suka ƙara ɗaure mata ƙafa. Gida kuwa, sai ta yi da gaske take samun leƙawa sau ɗaya a shekara.

Da mahaifiyarta Inna Barira ta rasu aka raba gado, gidan da tsohuwar ta zauna ya faɗo a rabon Batulu. Ba wani katafaren gida ba ne. Ɗakuna uku ne, da rijiya, da tsakar gida mai faɗi, da wani dogonyaro da wata tsohuwar randa ke zaune a gindinsa.

Ɗaki ɗaya Batulu ta kulle ta tafi da makullin Kaduna, wato ɗakin Inna. Komai na ciki yana nan yadda mai shi ta bar shi: gadon ƙarfe, jeren kwanoni, tabarmar sallah, har da ƙamshin turarenta da bai gama fita ba. Duk zuwan da ta yi nan take sauka. Ta share, ta kwanta a gadon, ta ɗan yi kukanta, ta tashi tana jin har yanzu ita 'yar wata ce.

Sauran ɗakuna biyun ta ce a sa haya, don gidan da ba kowa lalacewa yake yi. Ta wakilta ƙanenta Sadisu, ɗan ƙanin babanta, mai gyaran babura a bakin tasha. Sadisu mutumin kirki ne, sai dai yana son yabo fiye da yadda yake son tsintsiya. Duk wata zai aiko mata hoton tsakar gida fes, ita kuma ta yi ta sa masa albarka. Bai taɓa cewa shi ya share ba. Bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne.

Masu neman haya sun zo, amma Batulu ta ƙi. Wani jarkokin fetur yake so ya jibge, wani buhunan shinkafa. Ita kuwa ta ce iyali take so, masu hura wuta da shanya wanki. Gidan ya daɗe a haka, har damina ta fara cin gindin katanga.

Sai Allah ya kawo Malam Abdulrashid, mutumin Zariya, malamin makaranta da aka turo aiki Lolo, shi da matarsa Mansura. Tun kafin ya tare ya sayi siminti ya toshe wata tsaga da kansa, bai ko kira ya yi ƙorafi ba. Batulu ta ce a ranta, wannan shi ne irin ɗan hayar da ake roƙon Allah a samu.

Ta zauna ta yi ta aika masa saƙon murya tana bayanin gidan. Ta gaya masa ƙofar da ke cijewa da damina, da indararon da ke son a duba shi kafin ruwan farko. Har akuyar maƙwabta da ke cin sabulu sai da ta ba shi labarinta.

Abu ɗaya ta manta, kuma shi ne babba.

Tun Batulu tana ƙarama, duk ranar kasuwar Lolo matan rugage masu tallan nono a gidan Inna Barira suke sauka. Wasu daga rugagen kusa, wasu daga tsallaken iyaka. Su sauke ƙorai, su wanke ƙafa, su sha ruwan randa, su shayar da jarirai, da azahar su dawo su yi sallah. Inna ta rasu, amma ƙafafunsu ba su daina zuwa ba. Ƙyauren gidan dama igiya ce kawai ke riƙe shi. Su ne ma masu sharar da Sadisu ke karɓar albarkarta.

Batulu ba ɓoyewa ta yi ba. Wanda ya tashi a cikin abu ba ya ganinsa a matsayin labari. A wurinta, faɗa wa mutum cewa mata na sauka ranar kasuwa kamar ka gaya masa gidan yana da ƙofa ne.

Ranar kasuwa ta farko bayan tarewarsu, Malam Abdulrashid ya fito daga wanka da safe, daga shi sai tawul da bokiti a hannu. Ya ɗaga kai ya ga tsakar gida maƙil da mata. Ƙorai jere a inuwa, wata na goya yaro, wata na jan guga, wata ma ta riga ta ɗauki tsintsiyar Mansura tana aiki.

Wata tsohuwa doguwa mai suna Goggo Hussaina, wadda ita ce babbarsu, ta dube shi ba ko mamaki ta ce, "Ina kwana ɗana? Kai na baƙon da anka ce? Sannu da zuwa. Ɗan matsa in ɗebi ruwa."

Shi da ya biya kuɗin haya, shi ake yi wa sannu da zuwa a gidansa! Malam ya ja da baya ya faɗa ɗaki, har ya bar takalmi ɗaya a waje.

Da abin ya tsaya nan, da dariya za a yi a wuce. To amma Mansura tana da ƙaramin ciki, laulayi ya sa ta gaba. Warin nono da man shanu na shiga ɗaki ta fara amai, ta wuni a kwance ko ruwa ba ya zama a cikinta.

Da yamma wayar Batulu ta yi ƙara tana shirin barin asibiti.

"Hajiya, gida kika ba ni haya ko tasha?" in ji Malam. "Matata tun safe take amai. Ni baƙo ne, ba zan iya korar tsofaffi ba. Amma in haka gidan yake, ki yi haƙuri, wani wurin zan nema."

Batulu ta dafe kai. Sai a lokacin ta tuna. Kunya ta rufe ta, ta yi ta ba shi haƙuri, ta roƙe shi ya ɗan saurara mata.

Ta kira Sadisu. Shi kuwa ko a jikinsa.

"Yaya, wanga abu ai ba ya da wuya," in ji shi. "Kwaɗo guda na maganinshi. Inna ta tahi, zamaninta ya wuce. Ko ki kulle ƙohwa, ko Malam ya tashi mu ba mai hetur. Zaɓi guda."

"Kar ka yi komai tukuna," ta ce. "Bari in yi tunani."

Amma Sadisu ba ya jiran mai tunani. Da kasuwa ta zagayo sai ga hoto ya shigo wayarta, da saƙo a ƙasa wai an gama magana. Ta buɗe. Ga sabon kwaɗo yana ƙyalli a ƙyauren gidan. Ga mata zaune a jikin katanga ta waje, rana na dukansu, sun rufe ƙorai da gefen zane. A gefen hoton ga Goggo Hussaina ta shimfiɗa mayafinta a bakin hanya tana sallah, babura na wucewa ta gabanta.

Batulu ta daɗe tana kallon hoton nan. Wannan tsohuwar ita ke ba ta curin fura kyauta tana yarinya. Ita ta yi wa Inna wanka ranar da ta rasu. Hawaye suka zubo mata, ta ji kamar da hannunta ta datse kwaɗon.

Ta gane cewa wannan ba maganar da ake yankewa ta waya ba ce. Ta nemi hutu a wurin aiki, ta kama hanyar Kontagora da Yawuri, ta bi ta Bagudo, ta isa Lolo a gajiye ana gobe kasuwa.

Wurin Mansura ta fara shiga. Ta tarar da yarinya ta rame, idanu sun faɗa, ga ta ba uwa ba dangi a garin. Duk wata magana da Batulu ta shirya a mota ta cewa a daure a yi haƙuri da tsofaffi, sai ta haɗiye ta.

"Anti, wallahi ba ƙin mutane nake yi ba," in ji Mansura a hankali. "Warin ne ba na iyawa. Kuma ban san su ba, ban san yarensu ba. Sai in ji kamar ni ce na shigo musu gida."

"Ke ke da gaskiya, ƙanwata," Batulu ta ce. "Kun kama gida don ku sakata ku wala. Laifina ne da ban gaya muku ba."

Washegari da safe ta fita ta zauna da matan a bakin katanga. Ta durƙusa ta gaida Goggo Hussaina, tana jiran faɗa. Tsohuwar ta kama hannunta kawai tana murzawa.

"Ɗiyata, ba mu yi hushi ba," ta ce. "Mun san gida ya yi sabbin mutane. Ƙahwa ta ta saba. Tun ina goyon ɗan fari ruwa yab buge mu a nan, uwarki tab buɗe muna, tac ce ranar kasuwa ƙohwag ga ba ta ruhuwa. In yanzu ta ruhu, sai mu gode ma abin da anka yi muna a baya."

Wannan magana ta fi zagi zafi a zuciyar Batulu. Ta tashi ta shiga gida, ta buɗe ɗakin Inna, ta zauna a bakin gado. In ta bar kwaɗon, ta rufe ƙofar da uwarta ta buɗe. In ta cire, ta kori mutanen da ba su yi mata komai ba sai alheri.

Tana zaune sai ta ji muryoyin matan ta bayan bango, kusa ƙwarai, har tana jin ƙarar ludayi a jikin ƙwarya. Ta juya ta dubi bangon. Ashe bayan ɗakin Inna titi yake kallo, daidai inda suke zaune.

Dabarar ta zo mata nan take, amma ba ta yi murna da ita ba. Ta dubi gadon, ta dubi jeren kwanonin. Wannan ɗaki shi kaɗai ya rage mata a garinsu. Ta yi kuka mai isarta, sannan ta share fuska ta aika a kira Bunyaminu magini.

Da Sadisu ya ji abin da za a yi, ya riƙe baki.

"Yaya, ɗakin Inna za ki hwasa? To ke in kin zaka ina za ki sauka?"

"Inna ba ta tara kwanoni don su zauna su kaɗai ba," ta ce. "Ni kuwa sau ɗaya nake zuwa a shekara. Matan nan duk mako suke zuwa. Kawo guduma."

Aka fasa bango aka fitar da ƙofa ta waje. Aka yi ɗan kewaye na zana a gefe don alwala. Kwanonin ta raba wa matan, kowa ta samu abin tunawa. Gadon ƙarfen ta ce a kai wa Goggo Hussaina ruga, tsohuwa ta huta da kwanan tabarma. Randar gindin dogonyaro aka cicciɓo aka shigo da ita ɗakin. Batulu tabarmar sallar Inna kawai ta naɗe ta sa a jakarta.

Ƙofar ɗakin ta ciki, wadda ke buɗewa tsakar gida, ta kulle ta, ta toshe ƙasanta da tsumma. Ta kai wa Mansura makullin ta damƙa mata a hannu.

"Daga yau tsakar gida taku ce ku kaɗai. Ba mai buɗe ƙofar nan sai ke, in ma ba ki buɗe ba har abada ba wanda zai ce miki don me."

Malam Abdulrashid ya ce, "Hajiya, mun fasa tashi."

Batulu ta koma Kaduna ba ta da ɗaki a garinsu, amma zuciyarta wasai. Al'amura suka daidaita. Malam ya gyara indararo kafin ruwan farko ya aiko hoto. Ita kuma da famfon jan ruwa ya zo a zance, ba ta ja rai ba ta sa aka yi. Ranar kasuwa mata su shiga ɗakinsu ta waje su fita ta waje, ba mai jin kansu. Sadisu ma ya koma aiko hoton ɗakin a share, yana jiran albarka kamar da.

Bayan 'yan watanni sai ga saƙon murya daga Mansura, tana magana dariya na katse ta.

"Anti, kin san abin kunyar da na yi yau? Tun jiya ba abin da nake sha'awa. Malam ya kawo tsire, ya kawo kifi, na kau da kai. Ina zaune sai na jiyo ƙamshin nono ta wajen ƙofar nan. Wallahi maimakon amai sai yawuna ya tsinke! Na yi ta zagaye ƙofar kamar kyanwa, daga ƙarshe na ɗauko makulli na buɗe kaɗan, na miƙa kwano ban ko leƙa ba."

Goggo Hussaina ce ta karɓi kwanon. Ta dama fura mai kauri ta zuba kindirmo ta miƙo. Da kwanon ya dawo karo na biyu sai ta ce, "Ɗiyata, shigo ki zamna. Mai ciki ba ta shan hura tsaye."

Daga ranar ƙofar ta fara buɗuwa da faɗin tafin hannu, ta koma rabi. Mansura ta koyi gaisuwa da Fulatanci, matan suna yi mata dariya suna gyara mata. Su suka riƙa duba ƙafarta in ta kumbura, suna yi mata faɗa ta je awo asibiti kar ta yi wasa. Yarinyar da ke kwana da kewar gida ta koma ƙirga saura yaushe kasuwa.

Da ta haihu, aka samu 'ya mace, Malam da kansa ya kira Batulu ya ce suna ba zai yi daɗi ba in ba ta zo ba. Ta shirya ta taho. Tun daga Yawuri take tunanin inda za ta sauka. Gidan Sadisu ɗaki ɗaya ne da 'ya'ya rututu, ita kuma kunyar roƙon masauki a garinsu take ji.

Tana shiga gidan ta tsaya cak. Mansura ta yi ta fargabar suna zai yi shiru saboda danginta na nesa, mutum biyu kawai suka iya zuwa daga Zariya. Amma ga tsakar gida ba masaka tsinke. Ba ranar kasuwa ba ce, duk da haka matan rugage sun zo da kwalliyarsu, ƙoran nono da man shanu jere a inuwa, ana ta guɗa. Sunan jaririya Rahma.

Ƙofar ciki ta ɗakin Inna a buɗe take wangam, an tokare ta da turmi. Randa kuwa ta koma mazauninta na da a gindin dogonyaro, cike da ruwa, da moɗa a kai.

"Ni na sa aka mayar da ita," in ji Mansura da ta ga inda Batulu ke kallo. "A can ruwanta ya fi sanyi."

Malam ya matso ya ce an ba shi gida a cikin makaranta kyauta, amma uwar Rahma ta ce in zai koma ya koma shi kaɗai. Aka kwashe da dariya.

Bayan la'asar, da mutane suka fara raguwa, Batulu ta ɗauki jakarta za ta nemi wurin kwana. Goggo Hussaina ta riƙe mata hannu.

"Ina za ki, ɗiyar Barira?"

Ta ja ta zuwa ɗakin Inna. Batulu ta leƙa, sai jakar ta suɓuce daga hannunta. Gadon ƙarfen yana nan a kusurwarsa ta da, an shimfiɗa masa sabon zanen gado. Tun da asuba aka ɗauko shi daga ruga a kan amalanke.

"Da munka ji kina tahe munka maido shi," in ji tsohuwar. "Ni ajiya nir riƙa miki. Uwarki ta sauke mu shekara da shekaru, ke ma kin ba mu ɗakinki. Yau mu ka sauke ki."

Mansura ta shigo da kwanon fura ta ajiye a gabanta. Batulu ta zauna a bakin gadon uwarta, ta ciro tabarmar sallar daga jaka ta shimfiɗa a inda take a da. Daga tsakar gida tana jin ƙarar ludayi da hirar mata da kukan jaririya. Ta yi kuka kamar yadda ta saba yi a ɗakin, sai dai wannan karon ba ita kaɗai ba ce a ciki.

Darasi: In Allah ya ba ka gida ka sa haya, ka sani ba bango da rufi kaɗai ka mallaka ba. Akwai haƙƙin wanda ya biya ya shiga, akwai kuma haƙƙin waɗanda suka saba da alherin gidan tun kafin ka gaje shi. Kada ka yanke hukunci daga nesa don kawai ya fi sauƙi. Ka gaya wa ɗan haya gaskiyar gidan tun farko, in kuma kuskure ya faru daga gare ka, to gyaran ya fito daga naka rabon, ba daga na wasu ba. Abin da ka saki don kowa ya zauna lafiya ba ya ɓata, yana dawo maka ta ƙofar da ba ka zata ba. Ku tura wa masu gidajen haya da 'yan haya da kuka sani, wataƙila wani ya fasa sayen kwaɗo yau.